Jakunkunan da Baba Ya Bari a Kantin Alhaji Iro

Salamu alaikum ƙawaye da 'yan uwa, barkanku da war haka. Samira ce ta Dutsi, wadda kuke ce ma Uwar Waya. Na ga kuna ta cigiyata, har Mubaraka na tambaya ko aure na yi a ɓoye. Kwantar da hankalinki, ba aure ba ne. Babanmu ne Allah ya yi ma cikawa, Malam Mani, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya shina aiki a kantin Alhaji Iro na bakin kasuwa. In kin taɓa sayen shinkafa ko mai a wurin, shi ya auna miki.

Abin da na kawo muku wasiƙun da munka yi ne ni da yayana Is'haƙa, wanda ke wurin haƙar zinari can gaba da Agadas. Can rezon waya sai an hau dutse, murya ba ta wucewa, sai rubutu. Ya yarda in sa muku. Masu cewa ba abin da na iya sai danna waya, ku karanta har ƙarshe tukuna.

*Dutsi, kwana tara da rasuwa*

Yaya Is'haƙa, ina gaisuwa. Ya ƙarin haƙurinmu? Ya aiki, ya zafin wurin? Mu nan lafiya lau. Inna ta shiga takaba, tana cin abinci kaɗan-kaɗan, sai dai ba ta son surutu, ni kuwa ka san ni.

Yaya, da ka ga mutanen da sunka zo jana'iza. Har masu amalanke sunka aje aiki. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta riƙe hannuna tana cewa Mani bai taɓa auna mata tiya ba tare da ya ɗora mata ɗan tozo ba.

Ga maganar. Alhaji Iro ya zo gida jiya, ya tsaya a zaure. Ya ce wurin Baba a kanti shina jiranka har ranar sadakar arba'in. In ka zo, naka ne. In ba ka zo ba, dole ya ɗauki wani, don aiki ba ya jira. Yaya, ka san da aikin ga muke ci, da shi ake kai ƙannenmu su Kubra karatu lakkwal.

Kuma akwai rikici a kantin. Ka tuna jakunkunan ƙauye? Ni wallahi ban taɓa lura da yadda abin yake ba sai yanzu. Ranar kasuwa direbobi na kawo jakunkuna daga Sukukutane da Lugu da wajen Gesheme, na tsofaffin da ba su iya zuwa da kansu. Ba suna, ba takarda, sai ɗan ƙullin kuɗi a tsumma. Baba ya dubi jaka kawai, ya san ta wane gida ce da abin da ake zuba mata. Da la'asar direba ya kwashe ya mayar. To jaka ashirin da uku na nan jibge bayan kanta tun kasuwar da ta wuce. Huzaifa ɗan Alhaji ya birkice duk durowoyi shina neman kaye, wai littafin da Baba ke rubutawa. Na ce mishi wane kaye, mutumin da bai taɓa riƙe bik ba? Alhaji na tsammanin kai ka san su tunda kai ne babba.

Ka amsa mini da wuri don Allah. Ƙanwarka Samira.

*Dutsi, kwana goma sha biyar*

Yaya, gaisuwa kuma. Muna lafiya. Kai fa? Saƙona har yanzu alama guda ke gare shi. Na duba ya fi sau ɗari, har Inna ta ce in aje wayar ga ko ta jefa ta randa.

Huzaifa ya yi ɓarna. Ya mayar da jakunkunan wayam, kowace da ƙullinta da 'yar takarda da ya rubuta da Faransanci wai kowa ya rubuto kayan da yake so. Yaya, Faransanci! Ga tsofaffin Lugu! Direban Sukukutane ya ce wata tsohuwa ta buɗe jakarta ta zazzage, ta ce shekara ashirin jakarta ba ta taɓa dawowa da iska ba, in korar su ake a faɗa musu da baki. Wasu ma ba su san Baba ya rasu ba, suna cewa Mani ya yi fushi da su.

Na ji an ce da yawa za su koma wani kanti. Alhaji ko gaisuwata da ƙyar ya amsa yau. Ka hau dutsen nan mana.

*Daga Is'haƙa, kwana goma sha bakwai*

Samira, na ga saƙonninki. Ina lafiya. Ba zan zo ba. Ni ba zan tsaya inda Baba ya tsaya ba. Ki gaida Inna da yara.

*Dutsi, kwana ashirin da ɗaya*

Yaya, ina gaisuwa don Baba ya koya mini gaisuwa, ba don raina na so ba.

Kwana huɗu ina karanta layukan nan naka. Ba za ka tsaya inda Baba ya tsaya ba? Me ke ga wurin? Ƙazanta? Wurin nan ne ya saya maka takalmin lakkwal. Mutumin ga kullum shi ke buɗe kanti kafin mai kantin ya gama shan koko. Buhun shinkafa a kafaɗa, jarkar mai a hannu, har ya tsufa bai taɓa cewa a kira mai ɗauka ba. Ranar Salla ma rabin yini yake yi, wai kada wata ta rasa tumatirin miya. In ya dawo gida rigarshi na ƙamshin sabuni da ganyen shayi, aljihunshi da fasassun biskit da ba su sayuwa, mu yi ta kokawa a kai. Kai ne ma ke cinye manyan. Yanzu don kana haƙar zinari sai wurin ya yi maka ƙanƙanta?

Ban gaya ma Inna abin da ka ce ba. Na ce rezo ne.

Tunda ba ka zuwa, ni na tahi. Ranar kasuwa na sa hijabina na tsaya bayan kanta. Huzaifa ya ce, “Ke kuma lafiya? Nan ba wurin ɗaukar hoto ba ne.” Na ce mishi, “Ba kuma wurin rubuta ma tsofaffi Faransanci ba ne.” Alhaji ya yi kamar bai ji ba, ya bar ni.

Jaka tara kawai sunka zo. Na yi ta cikawa da ka: shinkafa, magi, gishiri, sikari, abin da kowane gida ke so dai. Yaya, na kunyata. Jiya uku sunka dawo a cike kamar yadda na aika su. Ashe guda ta wani tsoho ce mai tansiyo, hawan jini ke nan, likita ya hana shi gishiri da magi, ni kuwa na dumbuza mishi. Ya ce ma direba, “Ka faɗa musu wanda ya cika wagga jaka bai san mu ba.” A gaban mutane direban ya faɗa. Na shiga bayan buhunan gero na yi kukana.

Saura kwana goma sha tara. In ba ka da abin cewa sai irin na rannan, bar shi.

*Daga Is'haƙa, kwana ashirin da uku*

Samira ƙanwata, ina gaisuwa. Ya haƙuri, ya jikin Inna? Ni lafiya, sai tari kaɗan na ƙurar rami.

Ki yafe mini. Rannan wayar saura kaɗan ta mutu, na rubuta abin da ya samu na sauko. Ba raini ba ne, wallahi. Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ma kowa ba.

Ranar da zan taho, Baba ya raka ni tasha. Muna jiran mota ta cika sai ya ja ni gefe, ya ɗage ƙafar wandonshi. Samira, kin taɓa ganin ƙafafun Baba? Jijiyoyi sun fito sun murɗe kamar igiya, idon sawu a kumbure. Ya ce mini, “Ka gani? Tsayuwa ce. Ban yi da-na-sani ba, da ita na ciyar da ku. Amma in na ji ka dawo ka tsaya bayan kantar nan, ban yafe ba.” Shi ya sa ko ranar hutu ba ya bari in taya shi. Ban san jaka ko guda ba. Ko na zo yau, ni da Huzaifa duk ɗaya.

Amma na yi ta tunani cikin rami, sai na tuna wani abu. In jakar wani ta yage, Baba ba ya mayar da ita haka nan. Gida yake kawo ta. Bayan la'asar ya zauna bisa tabarma ya miƙe ƙafafu, Inna na yi ma jakar faci da guntayen tsofaffin zannuwanta, shi kuma shina ba ta labarin masu ita. Lokacin ke kina gidan maƙwabta kina surutu. Shekara talatin, jaka nawa ce ba ta bi ta hannun Inna ba? Ki tambaye ta.

Kuma ke, in za ki tsaya, ki dinga zama tsakani. Kada ki yi irin ta Baba.

*Dutsi, kwana talatin da uku*

Yaya na kaina! Gaisuwa mai yawa. Ya tarin? Ka dinga ɗaura rawani a hanci mana. Na yafe, kai ma ka yafe mini, bakina ya yi tsawo. Na kasa rubuto maka da wuri don ko numfashi ba ni samu.

Yaya, Inna ce kayen! Tunda takaba ta hana ta fita, sai na ɗauki hoton kowace jaka na hau kabu-kabu na zo gida. Da fari ta ce in ƙyale ta. Na kafa mata wayar a fuska. Ta dubi ta farko, sai ta ce, “Kai, zanen sunanki ne wanga facin.” Ta matso da wayar. “Ta Altine ce ta Lugu. Sikari mai ƙwaya, ba gari ba. Turare ɗan kwalba guda. Kada ki tambaye ta na mene ne, babanku bai taɓa tambaya ba.”

Na ce, “Wagga fa mai hannu ɗaya?”

“Gidan mai tansiyo. Ke ce kika sa mishi gishiri?”

“Inna, ban sani ba.”

“Da kin kashe tsohon mutane. Albasa busassa da daddawa ake sa mishi.”

Wallahi sai da ta yi dariya, karo na farko tun rasuwar. Can kuma ta fashe da kuka a kan wata jaka mai facin shuɗi, ta ce ranar da ta ɗinka ta Baba ya yi ta mata tsiya wai ɗinkinta kamar tahiyar maye. Na ɗauki muryarta duka a waya, na koma kanti ina saurare ina cikawa. Huzaifa na ta harara, ya ce turaren nan na Lugu ya san na 'yan bori ne. Na ce mishi ni kanti na zo, ba wa'azi ba.

Kasuwa biyu ke nan ba wadda ta dawo. Labari ya kai ƙauye wai ɗiyar Mani ta gaji idon ubanta, jiya jaka ashirin sunka zo. Na sami Alhaji na ce mishi a fili Yaya ba ya zuwa, ni nake son wurin. Ya daɗe shina jan carbi. Ya ce, “Ɗiya mace bayan kanta, tsakiyar direbobi?” Na ce, “Alhaji, kasuwa uku ke nan ina tsakiyarsu, ba wanda ya cinye ni.” Ya ce to, kasuwa mai zuwa ita ce ta ƙarshe kafin arba'in. Mani bai taɓa barin jaka a kantin ga ba a san mai ita ba. In na sallami kowace, ba saura ko guda, za mu yi magana.

Ga damuwata. Akwai wata jaka da wani mai kamiyo, babbar motar kaya, ya jefo jiya ya wuce, bai ko kashe mota ba. Koriya ce ta tamfol, zif ɗinta ya lalace an ɗaure da waya, duk jar ƙasa. Ba faci, ba ƙulli a ciki. Direbobin ƙauye duk sun ce ba ta layinsu ba ce. Na nuna ma Inna, ta kalla ta kau da kai ta ce, “Wuce wagga.” Ita ma ba ta san ta ba ke nan. Ga hoton na turo, ko za ya buɗe maka. Jaka guda za ta hana ni wurin Baba, ka ji fa.

*Dutsi, kwana talatin da bakwai*

Yaya, lafiya? Hoton ya shiga, na ga alama biyu tun shekaranjiya. Ka gani ka yi shiru. Na zagaya tasha sau uku da jakar a hannu kamar mai tallar ta. Wani ya ce in cika ta da komi-da-komi in huta. In aika ta ina? Jibi kasuwa. Ko “ban sani ba” ce ka rubuto, in san kana da rai.

*Daga Is'haƙa, kwana talatin da takwas*

Samira, ina gaisuwa. Ina da rai. Na hau dutsen ga sau uku ina saukowa ban rubuta ba.

Jakar tawa ce.

Duk abin da nake ce muku ana samu, ƙarya ce. Shekara biyu ban ga abin kirki ba, ramin wani nake haƙa don in ci. Ban taɓa faɗa ma Baba ba, amma wata huɗu da zuwana sai ga jakar ga ta iso ta hannun masu kamiyo, cike. Ba saƙo, ba komi. Na cinye na mayar da ita, ta sake dawowa. Haka muke yi. In mun yi waya ya ce, “Ana samu?” in ce, “Ana samu, Baba,” ya ce, “Madalla.” Bai taɓa ambatar jakar ba, ni ma haka. Kwana biyu kafin rasuwar na ba da ita, ta yi ta zama a Agadas tana jiran mota. Rashin abin hannun nan ne ya sa ko jana'iza ban zo ba, Samira. Ba hanya ce ta hana ni ba.

Garin rogo yake sawa, da shayi, da sikari, da ƙuli-ƙuli, da yaji a gwangwanin madara. Can ƙasa kuma alawa biyu, kamar wani ɗan yaye.

Na faɗa miki don ki ce ma Alhaji kin san mai ita, ki samu wurin. Amma kada ki cika ta. Ki naɗe ki aje. Kuma kada Inna ta ji.

*Dutsi, kwana arba'in da ɗaya*

Yaya, ina gaisuwa. Muna lafiya. An yi sadaka jiya, mutane sun zo har daga Sukukutane, an yi ma Baba addu'a mai yawa.

Ranar kasuwa jaka ashirin da biyu na sallama. Da la'asar kanta ta yi fayau, sai koriyar ita kaɗai. Alhaji ya nuna ta da sanda ya ce, “Waccan fa?” Na ce, “Na san mai ita.” Ya ce, “Wane ne?” Na ce, “Baba bai faɗa ba, ni ma ba ni faɗa.” Ya ce, “To me ake sa mata?” Na ɗauko gari na auna, shayi, sikari, ƙuli. Da na miƙa hannu cikin kwalbar alawa na ɗauko biyu, sai Alhaji ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce haka Mani ke yi, ya juya baya ya cika ta shi kaɗai. Ya ce in zo ran Asabar da safe, mabuɗin ƙofar baya na wurin Huzaifa, ya ba ni. Huzaifa ya ce shi dai ba ya ɗaukar mini buhu. Na ce wa ya roƙe ka.

Wurin Baba bai fita gidanmu ba, Yaya.

Ka ce kada in cika, na cika. Ka yi fushi in ka ƙoshi. Saura yaji, don ba a sayar da irin shi a kanti, sai na taho da jakar gida na ɓoye bayan ƙofa ina tunanin yadda zan yi. Ina shiga na tarar da Inna bakin turmi tana daka. Gwangwanin madara na gefenta, an wanke an kife.

Na ce, “Inna, yajin wa?”

Ta ce, “Ɗauko jakar nan da kika ɓoye.”

Na ce, “Ke da kika ce ba ki san ta ba?”

Ta ce, “Ni na ce ban san ta ba? Cewa na yi ki wuce. So kike in buɗe baki in kama sunan mai ita a gabanki?”

Yaya, sai lokacin kaina ya kawo. Kai ne ɗanta na fari, tunda aka haife mu ba mu taɓa jin sunanka a bakinta ba don kunya. Ni ina can ina zagaye tasha, ita tana zaune da amsar. Ta ce shekara biyu tana daka yajin da ya fi na gidan ga, an ɗauka ba ta san bakin da ke cin shi ba? Ta cika gwangwanin ta danne da babban yatsa ta ƙara. Ta ce, “Ki ce ma wancan, in wurin ya ƙi, ba wanda ya kore shi daga gida. Ba kanti kaɗai ne aiki a Dutsi ba.”

Jakar ta tashi yau da safe da wani kamiyon albasa mai zuwa Agadas. Ka sa ido. Ƙanwarka Samira.

To ƙawaye, kun ji inda na shige. Yaya bai ce zai dawo ba, bai kuma ce ba zai dawo ba, jiya dai ya tambaye ni ko har yanzu ana neman masu gini a Dutsi. Ni kuwa ƙafafuna ciwo suke, ga wayata cike da hotunan jakunkuna, ba ko hoton kwalliya guda. Ku sa Baba a addu'a. Kuma ina son in ji naku: wane abu ne babanku ko innarku ke yi kullum a gabanku, ba ku gane girmanshi ba sai da ba su nan? Ku rubuto mini, in na sauko daga kanti zan karanta duka.